A sayar da gidan Baba don jinyarsa, ko mu mayar da shi Kano?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham ta ƙasar Ingila, ina da aure da yara uku. Mahaifinmu ya zo ƙasar nan tun farkon shekarun 1980, ya yi aiki har ya yi ritaya, ya mallaki gidansa. Mama ta rasu. Yanzu shekarunsa 79, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, watan jiya kuma ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti sun ce lokacin sallama ya yi, amma sai dai gidan jinyar tsofaffi. Wanda na samu kusa da mu fam 1,500 ne a mako. Ƙaramar hukuma ta ce tunda yana da gida, shi zai biya. Abin da ke asusunsa bai kai fam 10,000 ba. Autanmu ne ke zaune da shi, ya ajiye aikinsa shekara biyu ke nan yana kula da shi. Yayanmu da ke Kano ya ce a yi maza a juya takardun gidan zuwa sunan Auta kafin gwamnati ta cinye, sannan a kawo Baba gida. Gwaggo ta kira ni tana kuka, wai mun zama Turawa za mu jefar da ubanmu. Gidan jinyar kuma sun ba ni takarda in sa hannu kafin su riƙe mana gado. Anti, barci ya gagare ni. Ina mafita?

Mai neman shawara, Birmingham

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya jiƙan Mama.

Bari mu fara da takardar da ke cikin jakarki, don ita ta fi gaggawa. Kada ki sa mata hannu tukuna. A dokar Ingila ba a bin ɗa ko 'ya kuɗin jinyar iyaye. Bashin na Baba ne, daga dukiyarsa ake biya. Hanya ɗaya da zai hau kanki ita ce ki sa hannu da sunanki a matsayin wadda ta tsaya masa, ko ki amince za ki riƙa cika gibin da ke tsakanin abin da ƙaramar hukuma ke biya da abin da gidan ke nema. Wannan ciko ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk shekara ƙaruwa yake, albashinki kuwa ba zai bi shi ba. Idan sun ce gadon zai kuɓuce, ya kuɓuce. Ba a sallamar mara lafiya irin Baba sai an tantance bukatunsa an tanadi inda za shi, kuma akwai kulawa ta wucin gadi bayan sallama, wadda takan kai mako shida ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Ki tambaye su ita da bakinki, ke da kike cikin aikin kin san ba kowane lokaci ake tayi ba.

Sai maganar Yaya. Na san daga inda ta fito, yana ganin gumin mahaifinsa na shekara arba'in zai tafi a banza. Amma shawararsa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Mutane da yawa sun ji labarin cewa idan aka yi kyautar gida aka shekara bakwai, shi ke nan an tsira. Wannan ƙa'idar harajin gado ce, ba ruwanta da kuɗin jinya. A nan ba a yanka wa'adi ba. Ƙaramar hukuma za ta duba lokacin da aka yi kyautar da dalilin yinta, kuma gidan da aka juya alhali mai shi yana kwance ana maganar kai shi gidan jinya, ba sai an yi dogon bincike ba. Za su yi lissafi kamar gidan yana hannunsa har yanzu, sannan dokar kula da manya ta 2014 ta ba su damar bin wanda aka ba gidan su karɓi kuɗin a wurinsa. Ka ga Auta, da bai ci nanin ba, nanin za ta ci shi.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Wa zai sa hannu a kyautar? Idan mantuwar Baba ta kai inda ba ya gane abin da yake sa wa hannu, duk wanda ya riƙe masa biro ya jawo wa kansa tuhumar cin dukiyar mara lafiya, ke kuma lasisinki na aiki yana iya shiga ciki. Ba ki faɗa mini ko Baba ya taɓa rubuta wa ɗayanku wakilcin dukiya tun yana cikin hayyacinsa ba, takardar da suke kira Lasting Power of Attorney. Idan akwai, to madalla, sai dai mai riƙe da ita ma ba shi da ikon yin kyautar gida. Idan babu, ki sa likita ya gwada ko har yanzu yana da fahimtar da zai bayar, domin mai ciwon mantuwa yakan samu sa'o'in da kansa ke washewa. In ta wuce, sai kotun da ke kula da al'amuran waɗanda ba sa iya yanke wa kansu hukunci ta naɗa ɗayanku wakili, kuma wannan yana cin watanni. A shigar da takardun tun makon nan. Kafin a samu, ba mai iya sayar da gidan, ba mai iya ba da shi haya da sunan Baba.

Ki kuma gaya wa Yaya, cikin ladabi, cewa gidan nan ba gado ba ne. Mai shi yana raye, yana numfashi, yana da bukata. Ko a shari'armu dukiyar mutum shi take fara yi wa hidima, magada sai bayan rai ya yi halinsa. Da a Kano ne aka ce sai an sayar da filin Baba a yi masa aiki, ba na jin Yaya zai tsaya jayayya.

Wannan ba ya nufin tsarin yana da adalci. Ba shi da shi. Mai ciwon daji hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ke ɗaukar nauyinsa kyauta, mai ciwon mantuwa kuwa sai a ce kulawarsa ba ta asibiti ba ce, ya je ƙaramar hukuma a auna aljihunsa. Ma'aunin kuwa tsoho ne: duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya komai, wanda tasa ta gaza fam 14,250 ba a taɓa ajiyarsa, sai dai a karɓi fanshonsa a bar masa kusan fam 30 a mako na kashewa. Tun 2010 waɗannan alƙaluman suke a daskare, alhali komai ya tashi. A 2011 kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawarar a sa iyaka ga abin da mutum zai biya a rayuwarsa. An sa ranar farawa a 2016, aka ɗaga. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta sanar da iyakar fam 86,000, aka ɗaga zuwa Oktoban 2025, sai ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shi a Yulin 2024. A 2025 aka kafa wani kwamitin ƙarƙashin Louise Casey, aka ce rahotonsa na ƙarshe sai 2028. Don haka idan wani ya ce miki ku ɗan jira gwamnati na nan tafe da sauƙi, ki yi masa godiya kawai.

Fam 1,500 ɗin ma ba daga sama ya faɗo ba. Mafi yawan kuɗin gidan jinya albashi ne. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 11.44 zuwa 12.21 a awa, kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15. Ƙananan hukumomi kuma ba sa biyan gidajen abin da ya isa, sai gidajen su fanshe a kan masu biya da kansu. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta bincika a 2017, ta gano mai biya daga aljihunsa yana biyan kusan kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ake biya wa wanda hukuma ta kawo, a gida ɗaya. Wato Baba zai biya nasa, ya kuma tallafa wa na maƙwabcin ɗakinsa. A farashin da aka ba ki, shekara guda fam 78,000 ce.

To amma kafin a kai ga gidan Baba, akwai ƙofar da ba ki ambata ba, kuma ita nake so ki fi ƙwanƙwasawa. Sunanta NHS Continuing Healthcare. Idan aka tabbatar cewa ainihin bukatar mutum ta lafiya ce, NHS ke biyan komai, har ɗaki da abinci, ba a kuma tambayar ko yana da gida. Tushenta shari'ar Pamela Coughlan ce a kotun ɗaukaka ƙara a 1999. Ana fara cike gajeriyar takardar tantancewa, idan ya haye sai ma'aikata daga ɓangarori daban-daban su zauna su auna shi a fanni goma sha biyu: numfashi, cin abinci, fata, motsi, fitsari da bayan gida, fahimta, halayya, magani da sauransu. Ba zan ɓoye miki ba, mafi yawan waɗanda aka tantance ba sa samu, kuma sunan ciwon kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ke yin tasiri shi ne hujja a rubuce.

A nan ne Auta zai yi amfani fiye da lauya. Ki saya masa littafi ya zauna ya rubuta yadda dare yake wucewa kafin a kwantar da Baba, ku kuma nemi bayanan da ma'aikatan ɗakin suka rubuta tun da aka kwantar da shi. Sau nawa yake ƙwarewa idan ana ba shi kunu. Sau nawa ake juya shi don gudun gyambon kwanciya, da mutum nawa. Yakan tofar da magani ko ya ture hannun mai ba shi. Yakan farka ƙarfe uku ya ce sai ya tafi masallaci ya nemi saukowa daga gado. Matsalarmu mu Hausawa a irin wannan zama ita ce kunya da kara. Ana tambaya yaya jikin Baba, sai mu ce da sauƙi, alhamdulillahi. A gaban masu tantancewa, "da sauƙi" maki ne da ya zube. Ku faɗi ranar da ta fi muni yadda take. Ƙa'idarsu da kanta ta ce bukatar da ake kula da ita da kyau ba ta daina zama bukata ba, don haka kada ƙoƙarin Auta ya zama hujjar cewa Baba ba ya bukatar komai. Ki halarci zaman, ki karɓi kwafin abin da aka rubuta, idan an hana ku kuna da wata shida ku nemi a sake dubawa.

Ko an hana wannan, akwai kason da NHS ke biya wa duk wanda ke bukatar ma'aikaciyar jinya mai rajista a gidan jinya, wanda ya haura fam 250 a mako daga Afrilun 2025. Kai tsaye gidan ake ba. Ki tambaye su ƙarara: fam 1,500 ɗin nan, da wannan kason a ciki ne ko an riga an cire? Akwai kuma Attendance Allowance, alawus na tsofaffin da ke bukatar mai kula da su, wanda ba a duba dukiya kafin a bayar, babban matakinsa fam 110.40 a mako a 2025. Ina da yaƙinin cikin gidaje goma irin namu, da yawa ba su taɓa nema ba. Idan da Baba yana karɓa, da Auta ma ya cancanci alawus na masu kula da mara lafiya duk tsawon zaman da ya yi. Ba a biyan Attendance Allowance na baya, amma a nema yanzu.

Idan ƙarshe gidan jinya ne kuma Baba ne mai biya, har yanzu ba gobe za a kafa wa gidansa allon sayarwa ba. Tunda ajiyarsa ba ta kai iyaka ba, mako 12 na farko ba a sa gidan a lissafi. Da matarsa ce ke zaune a ciki, ko ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko naƙasasshe, da ba za a taɓa lissafa shi ba muddin suna ciki. Auta bai shiga wannan sahun ba, amma doka ta bar wa ƙaramar hukuma damar ta kawar da kai idan ta ga dalili, musamman ga wanda ba shi da wani matsuguni kuma ya sadaukar da nasa don kula da mai gidan. Ba dole ba ne su yarda. Ku rubuta duk da haka, da ranar da ya bar aiki da shaidar likita, ku nemi amsa a rubuce. Idan ba ku gamsu ba akwai hanyar ƙorafi har zuwa ofishin da ke sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi. Kuma kada wanda ya ce a yi sauri a dawo da wata tsohuwa cikin gidan don a cike sharaɗin shekara 60, ana duba wanda yake zaune tun kafin mai gidan ya fita.

Bayan mako 12 akwai yarjejeniyar jinkirta biya: ƙaramar hukuma ta riƙa biya, ta ɗora bashin a kan gidan, a warware idan an sayar ko bayan rasuwa. Akwai kuɗin ruwa a ciki, don haka ku kai wa malamin da ya san zaman ƙasar nan ku ji fatawarsa kafin ku shiga. Wasu iyalan haya suke ba da gidan, su haɗa da fansho da alawus, gibin da ya rage ya ragu sosai. Sai dai haya na nufin Auta ya fita, kuma wannan magana ce da za a yi da shi, ba a kansa ba.

Ni dai da za ki bi tawa, kafin duk wannan sai ki sa a gwada lissafin mayar da Baba ɗakinsa. Dalili mai sauƙi ne: idan a gidansa ake kula da mutum, ba a sa darajar gidan a ma'auni sam. Da ajiyar da ba ta kai fam 14,250 ba, kaso mai tsoka zai koma kan ƙaramar hukuma. Ana iya turo ma'aikata biyu sau huɗu a rana, da gadon asibiti da na'urar ɗaga majinyaci, akwai kuma tallafin gyaran gida da ke kaiwa fam 30,000 don banɗaki da ƙofofi. Za ku iya neman a ba ku kuɗin a hannu ku ɗauki wanda kuke so, kuma 'yan Najeriya sun cika wannan aikin a Ingila, samun namiji mai jin Hausa da zai yi wa Baba wanka da tsarki ba abin mamaki ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne dare. Ziyara huɗu ba ta rufe ƙarfe goma na dare zuwa asuba. Idan amsar ita ce Auta zai ci gaba shi kaɗai, to ba a samu mafita ba, an dai ƙara masa wa'adi. Yaron nan yana da haƙƙin a tantance nasa bukatun a matsayin mai kula, kuma yana da haƙƙin a tambaye shi ko zai iya, a wurin da ba Yaya a waya. Saurayi ne da ya kamata a ce ana maganar aurensa.

Kano kuwa ban rufe ƙofarta ba. Mai ciwon mantuwa sau da yawa harshen da ya koya da girma ne ke fara zubewa, ya koma na ƙuruciya. Mutumin da Turancinsa ke gudu, kiran sallar unguwa da muryar ƙanwarsa da tuwon da ya saba ba ƙaramin magani ba ne, kuma hayar gida a Birmingham idan aka canza ta zuwa naira za ta ɗauki masu jinya fiye da ɗaya. Amma a san abin da za a bari. Fanshonsa na gwamnati zai bi shi, sai dai Najeriya na cikin ƙasashen da ba a yi wa ƙarin shekara-shekara, zai tsaya a inda yake ranar da ya tafi. Attendance Allowance zai yanke. Kulawar NHS kyauta ta mazauna ƙasa ce, ba ta bin fasfo. Idan takardar zaman dindindin gare shi ba fasfon Birtaniya ba, shekara biyu a waje tana kashe ta. Can kuma asibiti da magani da famfas na manya duk daga aljihu ne, katifar iska mai hana gyambo tana son wuta dare da rana. Sannan sai likita ya ce zai iya hawa jirgi, kuma tunda ba ya iya yanke wa kansa hukunci, fitar da shi daga ƙasar sai an zauna da likitoci da hukuma an yarda shi ne maslaharsa.

Don haka ki yi wa Yaya tambaya ɗaya, ba da faɗa ba: wane ne, da sunansa, zai juya Baba ƙarfe biyu na dare, ya canza masa shimfiɗa, ya zauna minti arba'in yana ba shi abinci cokali-cokali? "Ai muna da yawa" ba amsa ba ce. Yawan nan na mako biyun farko ne, lokacin 'yan dubiya. Daga nan aikin yakan faɗa kan matar Yaya, wadda na tabbata ba wanda ya nemi jin ta bakinta. Idan ya kawo sunaye da ɗaki da likitan da zai riƙa zuwa da lissafin wata, ku duba da zuciya ɗaya. Idan bai kawo ba, Baba ya zauna inda yake.

Gwaggo kuma kada ki yi mata gardama. Ɗan'uwanta take yi wa kuka, kuma abin da ta sani da gidan gajiyayyu shi ne inda ake kai wanda ba shi da kowa. Ki kira ta ta bidiyo daga gefen gadon Baba lokacin da ma'aikata biyu ke ɗaga shi, ta gani da idonta abin da jikinsa ke bukata yanzu. Ayar Suratul Isra'i da za ta karanto miki kyautatawa ta umarta da tausasa harshe, kuma wanda ya bar uba da gyambo a baya don gudun bakin dangi bai cika ta ba. Idan gidan jinya ne ya zama dole, jefarwa ita ce a kai shi a juya baya. Ku zaɓi wanda ke kan hanyarki ta zuwa aiki ko da wani ya fi shi kyan gini, ku raba kwanaki, kullum a samu mai zuwa. Ki karanta rahoton CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen jinya, a kansu, ki je ba zato lokacin cin abinci. Ki tambayi abincin halal, da namijin da zai riƙa yi masa wanka, da yadda suke ƙara kuɗi duk shekara, da kwana nawa suke ci gaba da caji bayan rasuwa. Mafi muhimmanci, su rubuta miki ko za su bar shi a ɗakinsa a farashin ƙaramar hukuma ranar da kuɗinsa suka ƙare, domin tayar da mai ciwon mantuwa daga inda ya saba yana rikita shi ƙwarai.

Ƙungiyoyin Age UK da Alzheimer's Society suna ba da shawara kyauta ta waya, ki kira su kafin ki biya lauya, alƙaluman nan kuma a watan Afrilu ake sabunta wasunsu. Ranar zaman tantancewa ki sa Yaya a waya ya saurara daga farko har ƙarshe, kuma ki bar Auta ya fara magana.

Allah Ya ba ku ladan jinya.